Koyarwa ko Shugabanci: Hanya Biyu a Gaban Likitan Agajin Gaggawa

Likitan da ya gama neman ƙwarewa a fannin agajin gaggawa ba ya daɗewa kafin a fara ja masa hannu ta ɓangare biyu. Jami'a na son sa domin ba ta da wanda zai koyar da fannin. Hukumar asibiti na son sa domin sashen emajansi ya daɗe a hannun duk wanda aka ga dama an aro daga tiyata ko ɓangaren ƙashi. A tsofaffin fannoni mutum kan shafe shekara goma yana bin bayan manya kafin a ba shi wani riƙo, amma a nan manyan ne babu, don haka zaɓin yakan zo wa mutum tun bai shirya ba.

Dalilin ƙarancin manyan a fili yake. Ko a Amurka, inda fannin ya fara tsayawa da ƙafarsa, sai a 1970 Jami'ar Cincinnati ta buɗe shirin horarwa na farko, kuma sai a 1979 aka amince da shi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta. A Afirka kudu da Sahara, Afirka ta Kudu ce ta fara amincewa da shi a 2003, aka soma horarwa a Cape Town a 2004. Ghana ta biyo baya a 2009 a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Michigan, rukunin farko suka fito a 2012. Tanzaniya da Habasha suka fara a 2010. Najeriya kuwa a 'yan shekarun nan ne Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas ta kafa wa fannin tsangaya tasa. Ke nan duk wanda ya shiga yanzu yana cikin sahun farko, kuma abin da ya zaɓa zai shafi yadda fannin zai kasance a asibitinsa na tsawon lokaci.

Abin da malami ke yi a zahiri

Mutane da yawa sun ɗauka koyarwa ita ce tsayawa gaban aji. A wannan fanni aji ƙaramin ɓangare ne. Mafi yawan koyarwar a bakin gado ake yin ta, da ƙarfe biyun dare, lokacin da ƙaramin likita ya tsaya a kan wanda babur ya kaɗe yana kallon karayar ƙafa alhali numfashin mutumin ne ke ƙoƙarin tsayawa. Aikin malami shi ne ya sa masa ɗabi'ar duba hanyar iska da numfashi da zagayawar jini kafin komai, har ta zama jiki, ba tare da ya karɓe aikin daga hannunsa ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya. Likitan emajansi mutum ne da aka horar ya yi sauri, kuma tsayawa ka zuba ido wani na lalube a kan abin da kai za ka gama cikin minti ɗaya yana buƙatar wani irin haƙuri da ba kowa Allah ya ba ba. Wanda ya san ba shi da shi, gara ya faɗa wa kansa gaskiya tun da wuri.

Bayan bakin gado akwai aikin da ba a gani: tsara manhaja, rubuta tambayoyin jarrabawa, shirya atisaye da mutum-mutumi, cike takardun neman amincewar kwaleji domin a ba sashe izinin horarwa, duba kundin binciken masu neman ƙwarewa. A Amurka an mayar da waɗannan muƙamai masu suna, akwai daraktan shirin horarwa, akwai mai kula da ɗaliban likitanci, kuma ƙa'ida ta tilasta a rage wa daraktan awannin duba marasa lafiya domin ya samu lokacin yin aikin. A wurinmu galibi ɗora maka ake yi a kan aikin da kake da shi.

Matakan ƙarin girma a jami'a sanannu ne, daga lakcara zuwa babban lakcara, zuwa mataimakin farfesa, zuwa farfesa, tare da matsayin babban likita na girmamawa a asibitin koyarwa. Abin da ya kamata mai sha'awa ya gane shi ne ba iya koyarwa ke ɗaga mutum ba, maƙalun da ya wallafa ne. Za ka iya zama malamin da ɗalibai suka fi so a duk kwalejin, ka shekara takwas a mataki ɗaya, wani da ba ya shiga aji ya wuce ka saboda yawan takardu. A Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa abin ya ma fi tsauri, domin ba jami'arka kaɗai ke yanke hukunci ba, sai ka bi ta hukumar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, ka shiga gasar da ake yi tsakanin malaman ƙasashe da dama.

Sai dai binciken nan da wasu ke gani kamar wahala, a fannin gaggawa shi ne wurin da ƙaramin malami zai fi yin tasiri, saboda yawancin abin da ke cikin littattafan an gwada shi ne a asibitocin da ba su yi kama da namu ba. Misali mafi girgiza shi ne binciken FEAST da aka wallafa a 2011. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi mai tsanani ya galabaita, jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa da sauri. Da aka gwada a kan yara sama da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, sai aka ga cikin awa 48 waɗanda aka yi wa ɗurin gaggawar sun mutu da kusan kashi 10 da rabi cikin ɗari, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 7 da 'yan ɗoriya. Abin da ake yi da niyyar ceto ashe yana ƙara kisa a irin wannan yanayi. Haka binciken CRASH-2 na 2010, wanda ya haɗa mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40 har da asibitocin Najeriya, ya nuna cewa wata allura mai arha mai hana zubar jini tana rage mutuwar waɗanda suka ji rauni, muddin an ba su da wuri, cikin awa uku. A Arewa muna da namu misalin: aikin da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka daɗe suna yi kan saran maciji, musamman kububuwa, da asibitin Kaltungo a jihar Gombe. Tambayoyin da ba a amsa ba a sassan emajansinmu sun fi ƙarfin mutum goma: ciwon sikila idan ya tashi, gubar maganin ƙwari, ƙunar wuta, zafin rana a watannin bazara, haɗarin tirela mai ɗauke da mutane da shanu.

Ta fuskar kuɗi kuwa, kada a yaudari kowa. Tsohuwar rigima ce a Najeriya cewa likitan da jami'a ta ɗauka ana biyansa da tsarin albashin malaman jami'a, wanda bai kai tsarin albashin likitoci ba, don haka abokin karatunsa da asibiti ya ɗauka kai tsaye yana iya fin sa kwasa a ƙarshen wata, kuma bambancin ya bi su har fansho. Ƙungiyar manyan likitoci ta MDCAN ta daɗe tana kokawa a kai. Ga kuma taƙaddamar digirin digirgir, wato ko takardar ƙwarewa ta kwaleji ta isa malamin likitanci ya nemi kujerar shugaban jami'a ko sai ya haɗa da digiri na uku, wadda tana cikin abin da ya jawo yajin aikin gargaɗi a 2024. A ɗaya hannun, farfesa yana aiki har shekara 70, yana da damar neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da hutun nazari na shekara guda, da zuwa wasu jami'o'i a matsayin mai jarrabawa. Kuma farfesa farfesa ne har ya mutu, babu gwamnan da zai sauke shi ta rediyo.

Abin da shugaba ke yi a zahiri

Ranar da aka ba ka shugabancin sashen emajansi za ka gano cewa yawancin matsalolin sashen ba a cikinsa suke ba. Sashen ya cika maƙil, mutane na kwance a ƙasa, ba don likitocinka ba sa aiki ba, sai don babu gado a ɗakunan kwanciya da za a tura waɗanda aka riga aka duba. Mai ciwon ciki yana jiran likitan tiyata tun asuba. Ɗakin gwaji ya ce na'ura ta lalace. Bankin jini ya ce sai 'yan'uwa sun kawo madadi. Mai karɓar kuɗi ya tafi salla ya kulle taga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke ƙarƙashin ikonka, amma duk wanda ya mutu a bakin ƙofa sunan sashenka za a kira a rediyo da Facebook.

Saboda haka aikin shugaba rabinsa lallashi ne, rabinsa faɗa, kuma gwaninta ita ce sanin wanne za a yi wa wa. Sai ya zauna da shugaban tiyata, wanda wataƙila shi ya koyar da shi a aji huɗu, ya ce masa: "Ranka ya daɗe, yaranka ba sa zuwa idan mun kira," ba tare da ya ɓata dangantaka ba. A al'adarmu ta girmama na gaba wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa nake ganin ƙaramin ƙwararre da aka ɗora kan kujera da wuri yakan sha wuya fiye da yadda ya zata. Sai ya samu amincewar shugabar nas-nas ta sashen, domin ita ta fi kowa daɗewa a wurin kuma babu tsarin da zai zauna idan ba ta so. Sai ya iya karanta kasafin kuɗi, ya san yadda ake sayen kaya a gwamnati, ya san inda iskar oksijin ke fitowa da wanda ake bin bashinta.

Dokar ƙasa tana bayansa, aƙalla a rubuce. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida. Dokar 2017 ta wajabta a kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ita dokar 2014 ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce kashi 5 cikin ɗari na asusun na agajin gaggawa ne. Daga nan aka samu shirin NEMSAS na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda ya fara aiki a Abuja a 2022, da alkawarin biyan kuɗin kulawar awa 48 na farko. Amma doka ba ta sa safar hannu a cikin durowa. Wanda zai cike takardun neman a biya asibiti, ya bi su, ya tabbatar akwai akwatin magungunan gaggawa da ake buɗewa kafin a tambayi kuɗi kuma ana mayar da abin da aka ɗiba, shi ne shugaban sashe. Idan bai yi ba, dokar ta zama abin da ake tsorata ƙaramin likita da shi kawai.

Hanyar shugabanci ba ta tsaya a sashe ba. A asibitin koyarwa akwai kujerar shugaban kwamitin ba da shawara na likitoci, wanda shi ke kula da duk ayyukan jinya, sannan kujerar shugaban asibiti, mai wa'adin shekara huɗu da za a iya sabuntawa sau ɗaya. A wajen asibiti akwai hukumomin kula da asibitoci na jihohi, ma'aikatun lafiya, shirye-shiryen motocin agaji na jihohi, hukumomin ba da agajin gaggawa, da ƙungiyoyi irin su Red Cross da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da Hukumar Lafiya ta Duniya. Iya nisan da ka yi sama, iya yadda siyasa ke shiga, kuma wannan ba gulma ba ce, haka tsarin yake: mai naɗawa ɗan siyasa ne. Wanda ba ya iya jira a falon kwamishina na awa uku ba tare da ransa ya ɓaci ba, ya tsaya a matakin sashe.

Inda darajar shugabanci ke bayyana ƙarara shi ne ranar bala'i. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, sama da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja har zuwa Kano. Wata guda kafin nan madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har cikin asibitin koyarwa, wato wurin da ya kamata a kai mutane shi kansa ya zama abin ceto. A irin wannan rana iya hannun likita ɗaya, komai gwanintarsa, ba ya wuce mutum ɗaya a lokaci guda. Abin da ke aiki shi ne abin da aka tsara watanni kafin nan: wa ke ba da umarni, wa ake kira, ina za a ajiye masu sauƙi domin kada su toshe hanya, wane asibiti ke karɓar masu ƙuna, wa ke magana da 'yan'uwa. Ghana sai da ta ga turmutsutsun filin wasa na Accra a watan Mayun 2001, inda sama da mutum 120 suka mutu, sannan ta kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004. Mu ma yawanci bayan an yi asara muke tunawa.

Wanne ya fi ceton rai?

Wannan ita ce tambayar da matasa suka fi yi, kuma akwai misalai biyu da nake ganin sun isa a yi hukunci da su.

Na farko daga Malawi ne. A asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre, Farfesa Elizabeth Molyneux da abokan aikinta sun sake fasalin yadda ake karɓar yara a farkon shekarun 2000. Suka horar da ma'aikata su riƙa tantance yara tun daga ƙofa bisa tsananin ciwo maimakon bin layi, suka gyara wurin, suka sa manyan likitoci a inda ake karɓar yaran. Mutuwar yaran da aka kwantar ta sauko daga tsakanin kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ta koma kashi 6 zuwa 8. Babu wata sabuwar na'ura mai tsada a cikin labarin.

Na biyu a gida ne. A 2008 an horar da likitoci da ungozomomi a asibitocin gwamnatin jihar Kano guda goma kan amfani da allurar magnesium ga masu jijjigar ciki, aka ba su rubutacciyar ƙa'ida, aka kuma kai musu maganin. Mutuwar masu wannan ciwo ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3.

A duka biyun an yi horarwa, amma horarwar ta zo ne tare da wani mai iko da ya canja tsari ya kuma kawo kaya. Da an koya wa ungozomomin Kano allurar an bar su babu ita a kabad, da ba a ga komai ba. Wannan ne ya sa ra'ayina yake haka: a asibitin da ba shi da tsarin tantancewa, ba shi da ɗakin farfaɗo da marasa lafiya, ba shi da akwatin magani, koyarwa ita kaɗai zuba ruwa ne a kwando. Ana ta shirya bita, a kai mutane otal na kwana biyar a koya musu kwas ɗin kulawar gaggawa na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, kwas mai kyau ƙwarai, su dawo ranar Litinin su tarar da abin da suka bari. Bayan wata shida sun manta, ba don wauta ba, don babu inda za su yi amfani da shi. A irin wannan wuri shugaba nagari yana rage mutuwa cikin shekara ɗaya fiye da yadda malami zai yi cikin biyar.

Sai dai abin da shugaba ya gina yana iya rushewa cikin wata uku bayan ya sauka. Na bayansa ya zo da nasa ra'ayi, a mayar da ɗakin farfaɗowa sito, nas ɗin da ke tantancewa a tura ta wani ɗaki. Abin da malami ya sa a kan mutum kuwa yana bin mutumin duk inda ya je. Ƙwararrun da Kumasi ta yaye tun 2012 su ne suka koma suna koyarwa suna kuma riƙe sassa a wasu asibitocin Ghana, kuma da yake an haɗa da horar da nas-nas na gaggawa tun 2010, sassan sun samu waɗanda za su riƙe tsarin ko da shugaba ya canja. Ribar shugabanci tana zuwa da sauri amma ba ta da tabbacin ɗorewa. Ta koyarwa tana jinkiri, wani lokaci ma ta tafi Saudiyya ko Ingila da wanda ka horar, kuma wannan ciwo ne da kowane malamin likitanci a ƙasar nan ya sani.

Abubuwan da ba a faɗa a takardar ɗaukar aiki

Hannu yana mantuwa. Wannan ya fi damun shugaba. Malami yana bakin gado kullum, dole ya ci gaba da karatu domin yaran yanzu suna duba waya su kama shi idan ya yi kuskure. Shugaba kuwa taro ne ke cinye shi, bayan shekara uku sai ya ga yana jin nauyin sa bututun numfashi. Ranar da ma'aikatansa suka lura da haka, maganarsa ta rage nauyi. Duk wanda ya karɓi kujera ya sa wa kansa doka: aƙalla duti ɗaya a mako, har da na dare lokaci-lokaci, komai yawan taro. A duti ne zai ji abin da ba a kawo masa ofis.

Batun iyali kuwa, jadawalin malami ya fi tsaruwa, ko da yake rubutu yana bin sa gida. Wayar shugaba ba ta mutuwa, kuma ba duk kiran na aiki ba ne, akwai na manya masu son a ba ɗan'uwansu gado, akwai na dangi da suka ji an ce "ɗanmu ne ke riƙe da wurin". Ga likita mace mai ƙananan yara wannan lissafi ne na gaske, ko da yake ba dalili ba ne na a riƙa tura mata ɓangaren koyarwa kamar can ne kawai wurinsu. Aikin dutin awanni da fannin gaggawa ke da shi, inda kake miƙa marasa lafiya ga na bayanka ka tafi, yana cikin abin da ya sa ya dace da mai iyali fiye da wasu fannonin.

Akwai kuma haɗarin suna. Malami yana iya yin ritaya babu wanda ya taɓa kai ƙararsa. Shugaba yana sa hannu a takardun kuɗi, yana amsa tambayar kwamitin bincike idan wani ya mutu, yana tsakiya idan ƙungiyar likitoci da ta nas-nas suka yi rikici, kuma ranar yajin aiki ba na kowa ba ne, abokansa na ganin ya koma ɓangaren hukuma, hukuma na ganin yana tausaya wa abokansa.

Ta fuskar takardu, mai son koyarwa zai amfana da digiri na biyu a fannin ilimin koyar da likitanci, irin wanda Jami'ar Dundee ke bayarwa daga nesa, ko shirin FAIMER na horar da malaman likitanci, sannan ya shirya wa digirin bincike tunda iskar jami'o'inmu can ta nufa. Mai son shugabanci zai fi amfana da digirin lafiyar al'umma ko na gudanarwa. Amma ban ga hikimar tara takarda kafin a riƙe ko da jadawalin duti ba. Wanda ya taɓa raba dutin salla tsakanin likitoci goma sha biyu ba a yi faɗa ba ya koyi abin da aji ba zai ba shi ba. Dukansu biyu su shiga Tarayyar Likitancin Gaggawa ta Afirka, wadda aka kafa a 2009, domin manhajojinta da mujallarta an yi su ne don asibitoci irin namu.

To, a haɗa mana?

Ana haɗawa, kuma a sahun farko kusan kowa haɗawa yake yi. Farfesa Lee Wallis ya riƙe sashen koyar da fannin a Cape Town, ya kuma jagoranci harkar likitancin gaggawa ta gwamnatin lardin Western Cape, ya shugabanci Tarayyar Likitancin Gaggawa ta Afirka a farkonta, daga baya ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma yana da mataimaka da tsarin da ya tanadi muƙamin haɗin gwiwa tsakanin jami'a da gwamnati. Ƙwararre ɗaya tilo a asibitin Arewa da ya ce zai riƙe sashe, ya tsara manhaja, ya rubuta maƙala huɗu a shekara, ya kuma yi duti, abin da ke faruwa shi ne aikin gaggawa ya kori mai muhimmanci. Matsalar oksijin ta yau ba ta jira, maƙala kuwa tana jira, sai ta yi ta jira har shekara biyar ta wuce yana nan a lakcara, wa'adin kujerar ma ya ƙare. Ya tashi babu wannan babu wancan.

Shawarata ga wanda yake da zaɓi ita ce ya jera su maimakon ya haɗa. Shekara huɗu ko biyar na farko ya ba koyarwa da bincike, yana riƙe da ƙaramin aiki ɗaya na gudanarwa, misali taron nazarin mace-macen sashe ko tsarin tantancewa. A wannan lokaci zai kai babban lakcara, ya yaye waɗanda za su zama hannunsa, gemunsa ya ɗan yi furfurar da za ta sa shugaban tiyata ya saurare shi. Komawa daga koyarwa zuwa shugabanci abu ne mai sauƙi, kullum ana neman wanda za a ɗora. Dawowa daga dogon shugabanci zuwa jami'a babu maƙala shi ne mai wuya.

Wanda ba shi da wannan zaɓin, wato wanda ya samu kansa a babban asibitin jiha ko cibiyar lafiya ta tarayya inda shi kaɗai ne kuma sashen a wargaje yake, ya karɓi shugabancin, domin a nan ne buƙatar take. Amma kada ya karɓa hannu sake. Kafin ya sa hannu ya nemi a rubuce cewa sashen yana da likitoci da nas-nas nasa na dindindin waɗanda ba za a kwashe ba tare da saninsa ba, cewa yana da ikon tura mara lafiya ɗakin kwanciya idan sashen da ya dace bai zo ba bayan lokacin da aka yanke, da cewa akwai asusun magungunan gaggawa mai juyawa wanda shi ke sa ido a kai. Idan shugaban asibiti ya ce "ka fara tukuna, za mu duba", ya sani an ba shi laifin ne ba ikon ba. Sannan tun ranar farko ya buɗe rajista mai kyau, lokacin isowa, lokacin da aka duba, abin da ya kawo mutum, yadda ya ƙare. Da ita zai je gaban hukuma neman ƙarin ma'aikata, kuma daga cikinta maƙalunsa na farko za su fito idan wata rana ya so komawa jami'a.